Kada Ka Hau Rufin Karafan

Utaibiyya, Makka.

Zuwa ga ɗana Yusufa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Kafin komai ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun doguwar takarda a lokacin da kake fama da sabon wuri da sabon aiki. Na san ba ka da sararin zama. Da magana ce da zan iya faɗa a waya da na faɗa, amma ka san halina. Da na ji muryarka sai in tsaya tambayar ko ka ci abinci, kai kuma ka ce "tayyib, Ummi, tayyib," wato to, to, mu rabu ban taɓo abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalami. 'Yar maƙwabciyarmu za ta ɗauki hoton shafukan ta tura maka.

Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a hanyoyin Ha'il da ban taɓa gani ba, ya sanya tausayinka a zuciyar kafilinka, maigidan da kake aiki a ƙarƙashinsa, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na dabba da na mutum. Matarka Nafisa da 'yarku Hanan suna nan ƙalau, ana ta ɗaure kaya. Sauran labarin gida Nafisa za ta ba ka idan sun iso, ba shi ya zaunar da ni ba.

Maganar dish ce.

Ranar Juma'a ka gaya mini kafilinka ya ba ka karafan, motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, ku zauna kai da iyalinka kuna bin raƙumansa duk inda ciyawa ta fito, kana kai wa makiyaya ruwa da abinci. Ka ce ya yarda a ɗaura muku dish a rufin motar don kada kaɗaici ya cinye Nafisa da yarinya, kuma mai shago ya nuna maka iri biyu. Ɗaya ƙarami ne a rufe, kamar an kife akushi, ana ɗaura shi sau ɗaya a manta da shi, daga cikin mota ake danna masa yana nemo tauraro da kansa, sai dai tashoshin Larabawa kawai yake kamowa. Ɗayan babban faranti ne a buɗe, shi ne yake iya jawo tashar Hausa daga can nesa, amma duk inda kuka yada zango sai an hau rufi an tayar da shi an juya har hoto ya zo, in za a tashi kuma a sake hawa a kwantar da shi a ɗaure. Na tambaye ka ko babu mai ƙafafu da ake kafawa a ƙasa, ka yi dariya ka ce raƙuma ba sa ganin abu a tsaye su ƙyale, sai sun sosa wuya da shi sun kayar.

Sannan ka ce, "Ummi, babban zan ɗauka, halas, shi ke nan. Hanan ta riƙa jin Hausa, ke ma hankalinki ya kwanta."

Na ce Allah ya yi maka albarka. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi a lokacin, har na tashi na zuba wa Hanan dabino ba ta roƙa ba. Amma kafin la'asar daɗin ya gudu, tun ranar kuma abinci bai yi mini ɗanɗano ba. Albarkar tana nan, ban janye ta ba, ba kuma zan janye ba. Shawarar ce nake so ka sauya. Ka sayi ƙaramin, Yusufa.

Kada ka ce me tsohuwa ta sani game da dish. Allo na karanta, ban san abin da ke cikin ƙarfen ba, ban san yadda hoto yake saukowa daga sama ba. Amma shekarun da babanka ya yi yana ɗaura wa mutane dish a unguwannin Jarwal da Zahir, ni ce idonsa a ɗaki. Gidajen da namiji ba ya shiga wurin mata, ni nake shiga in zauna gaban talabijin, shi yana can saman bene yana juya faranti. Da farko cewa ya yi in riƙa leƙowa ta taga ina ɗaga murya. Muka gwada a wani gida a Zahir, na yi ta cewa "ya zo, ya zo," bai ji ba, ya wuce wurin, ya dawo, ya sake wucewa. Da ya sauko, gumi ya jiƙe masa riga, ya ce, "Wannan muryar taki ko kyanwa ba za ta tasa daga barci ba. Da me kika yi hadda a makaranta, da raɗa?" Na ce masa malaminmu kusa da mu yake zama, ba a kan bene ba. Washegari ya zo da doguwar igiya, ya ɗaura gwangwanin madara da tsakuwa a ciki a gefensa, ya zuro mini ɗaya bakin ta taga. In hoto ya fara zuwa in ja a hankali, in ya tsaya tar in fizga. Matan gida su yi ta dariya, suna kawo mini shayi suna cewa ga injiniya ta zo da igiyarta. Da haka muka ci, da haka muka yi maka sutura, har wayar hannu ta zo muka ajiye gwangwani.

To a cikin wannan zama na yi kurakurai. Ba na so ka gaji ko ɗaya.

Lokacin da muke ɗakin kwano a saman wani tsohon gida a Jarwal, kana goye, aka aiko mana cewa wasu 'yan garinmu za su zo aikin Hajji, za su biyo su gaishe mu. Mu da muke ɗaura wa mutane, namu ɗakin babu dish. Na ji kunyar a koma gida a ce an zo an tarar da mu haka. Babanka ya ce in dakata mai walda ya haɗa masa ƙarfen da zai kafa a jikin bango. Na ce baƙi ba za su jira mai walda ba, ya huda kwanon kawai ya ɗaure. Ya ce in an huda sai an toshe da kyau, kuma abin toshewar ya ƙare masa. Abin da na faɗa har yau ina jin sa a kunnena. Na ce, "Malam, wane ruwa a Makka?" Ni da na taso inda damina take rushe katanga, na zo na ga duwatsu tsirara, sai na ɗauka nan sama ba ta zubar da komai. Ya dube ni, ya ɗauki kayan aikinsa ya hau.

Baƙi suka zo, suka kalla, suka yaba, suka tafi. Bayan wasu watanni, muna Harami da rana, hadari ya haɗu kamar wasa, aka sako ruwan da sai da tituna suka zama kogi. Muka dawo muka tarar ruwa ya bi ramukan nan ya sauka daidai kan shantar, wato akwatin tafiya, da nake ajiye Alƙur'anin mahaifina, wanda ya rubuta da hannunsa, na taho da shi daga gida cikin gafaka. Tawada ta narke, takardu suka manne da juna. Na yi ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina shanyawa, amma daga tsakiyar Baƙara zuwa Nisa'i babu abin da ido zai iya karantawa. Babanka bai ce mini "na gaya miki" ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Saboda haka, duk wanda zai ɗaura maka, ka tsaya a kansa. Rufin irin motar nan ba kankare ba ne, bai fi kwanon Jarwal ƙwari ba. Kowane rami da aka huda, da wurin da waya za ta shiga ciki, a cika shi da silikon a bar shi ya bushe, kada ka ce kana sauri. In ya gama ka sa shi ya kwarara ruwa a kai, kai kana ciki kana duba silin da idonka. In ya ce maka ba a ruwa a sahara, ka ce masa uwarka ta taɓa faɗin haka. Ka kuma sa a ranka cewa motar ta ƙara tsawo, kada ka shige ƙarƙashin rumfar gidan mai ko wata gajeriyar gada da tsohon lissafi.

Wannan mai sauƙi ne, takarda ce ta lalace. Na gaba shi ne ya jawo mu inda muke yau.

Ka tashi kana jin ina yi maka gorin Hausa. Ka yi aure na koma kan matarka, aka haifi Hanan na koma kanta. Na sha cewa a gabanku, jikata za ta girma ba ta san yadda ake gaishe da mutane da harshen kakanninta ba. Na faɗa har ya zama kamar wani bashi a wuyanka, shi ne yanzu kake neman saukewa da hawa rufin mota. To bari in tuna maka abin da wataƙila ka manta, don kana ƙarami. Ba kai ka yar da Hausa ba, ni na ƙwace ta daga bakinka.

A shekarun nan ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, ni da babanka. Hajji muka zo muka zauna, kamar yadda da yawa suka yi. Kullum cikin fargabar kame muke. Ka fara magana da Hausa tsantsa, bakinka ba ya rufuwa, a titi ma haka. Wata rana a kasuwar Utaibiyya ka hango motar jami'ai, ka nuna da yatsa ka ce da ƙarfi, "Umma, ga masu kama mutane can!" Ban san lokacin da na toshe maka baki da tafin hannuna ba, har haƙorinka ya fasa maka leɓe. Da muka dawo gida na zaunar da kai na ce daga yau in mun fita babu Hausa, Larabci kawai, in ba ka san kalma ba ka yi shiru. Na hana ka kirana Umma, na ce Ummi za ka riƙa cewa kamar 'ya'yan gari. In ka manta in murɗe maka kunne. Babanka ya ce, "Ki yi a hankali, abin da aka kora daga titi ba ya daɗewa a ɗaki." Na ce gara ya rasa harshe da ya rasa iyaye. Ka kasance yaro mai biyayya, ka bi. Kafin ka shiga makaranta, ko a ɗaki na yi maka Hausa da Larabci kake amsawa, ni kuma a lokacin har alfahari nake yi, ina cewa ɗana ba a bambanta shi da ɗan gari.

Ko tsoron nawa yana da hujja ko babu, Allah ne masani. Abin da na tabbatar shi ne daga baya na juyo na ɗora muku laifin abin da hannuna ya yi, kuma wannan zalunci ne. Shekaranjiya na kira Nafisa ɗaki na nemi gafararta kan maganganun da na sha yaɓa mata. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta ce, "Ummi, don Allah ki bari. Ni ma haka Mamana ta yi mini, da silifa ma." Muka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Shawarata a nan ita ce kada ka ɗora wa ƙarfe aikin baki. Na zauna a gidaje da yawa ina kallon yara gaban talabijin, ban taɓa ganin wanda akwati ya koya wa gaisuwa ba. Yaro yana ɗaukar harshen wanda yake ba shi abinci ne, da wanda yake yi masa faɗa, da wanda yake lallashinsa. Ɗan abin da ya rage a bakinka, ko da a karye ne, ka ba ta. In za ka ce ta zo, ka ce "zo." In za ka sa mata albarka, ka sa da Hausa. Kada ka ji kunyar makiyaya za su ji, can babu wanda zai kama ku, kuma takardunka a cike suke. In hakan bai wadatar ba, to bai wadatar ba, amma ba dish ne zai cike giɓin ba.

Yanzu sai maganar da na fi jin nauyinta. Ka san ƙarshenta, kai ka ɗauki makara. Amma kana Jidda wurin aiki ranar da abin ya faru, kuma ban taɓa zama na ba ka shi daki-daki ba, kai ma ba ka taɓa tambaya ba, don kunya ko don tausayi.

Lokacin da tashar Hausa ta fito, ka tuna yadda unguwar nan ta rikice. Tsofaffin da suka shekara da shekaru ba su ga kasuwar gida ba suna zaune suna kuka gaban akwati. Kowa na neman babanka, don ba kowane mai ɗauri ne yake iya kamo ta ba, sai da babban faranti da haƙuri. Gwiwoyinsa sun riga sun fara ciwo, furfura ta cika masa gemu, amma ya bi gidajen layinmu kaf ya ɗaura musu. Namu ne na ƙarshe. Na yi ta yi masa mita, ina cewa sai na je gidan maƙwabciyarmu Hajiya Indo nake ganin abin da mijina ya ɗaura.

Ranar ya dawo daga sallar la'asar ya ce, "Tashi ki kunna, yau zan rufe bakinki." Benen da ke yamma da mu ya tare hanya, don haka sai da ya hau kan ɗan ɗakin nan na bakin matakala, inda tankin ruwa yake. Ya kira ni a waya, ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, hannu ɗaya a faranti, ɗaya riƙe da sifana. Hoto ya fara zuwa. Wata mata ce take karanta labarai, ana jin muryarta, amma fuskar tana kakkaryewa kamar fasasshen madubi. Ina jin iska tana busawa a cikin wayar.

Ya ce, "Ya isa haka? Iska ta taso, gobe na ƙarasa."

Na ce, "Saura kaɗan, Malam."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai saura kaɗan ɗinki ba ya ƙarewa. Haka kika ce mini ranar da na je neman aurenki."

Ya ƙara taɓawa. Fuskar matar ta haɗu tar, har ina ganin zanen ɗankwalinta. Na ce ya zo, ya zo. Na ji yana ɗaure noti yana cewa alhamdu lillahi. Daga nan sai na ji wayar ta bugi ƙasa. Ya miƙe tsaye ne a bakin gefe, iska ta buge shi, hannayensa duka biyu ba su riƙe komai ba.

Yusufa, ba daga bene ya faɗo titi ba. Daga kan ɗakin matakala ne zuwa daɓen rufi. Na je na tsaya a wurin daga baya na duba da idona. Da ka turo mini hoton motarka kana tsaye a gefenta, abin da na fara aunawa ke nan. Tsayinsu ɗaya, in ma akwai bambanci motarka ce ta fi.

Maza suka sauko da shi a bargo. Wani yaron kirki Bayamane da ke ƙasanmu ya ce a kira motar asibiti. Babanka ya dube ni ya girgiza kai. Na san abin da yake nufi, ba shi da iƙama, yana tsoron daga gadon asibiti a wuce da shi jirgi, a bar ni. Ni ce mai lafiya a wurin, ni ya kamata in ce a'a. Sai na ce a kira maɗori. Maɗorin ya zo ya shafa ya ce gocewa ce, ya ja, ya ɗaure. Ban ga laifinsa ba, abin da hannunsa ya gaya masa ya faɗa. Kuma da kake kira muna ce maka ɗan targaɗe ne, don kada ka baro aiki. Sauran ka sani. Ka zo ka ga yadda ya koma, ka ɗauke shi da ƙarfi ka kai shi, likitoci suka fara duba shi kafin ma su tambayi takarda, suka ce ƙashin ƙugu ne ya karye kuma an makara. Kwanciya ta ci bayansa, ta sauka a ƙirji, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa maƙabartar Ma'ala ta zame masa dausayi.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Malamai sun gaya mini, ni ma na karanta, na kuma yarda. Ba ina jayayya da hukuncin Ubangiji ba ne, Allah ya tsare ni. Amma kai da kake cikin raƙuma yanzu ka fi ni sanin ana ɗaure su ne sannan a dogara. A nan muna da maƙwabta, asibiti yana bayan layi, ga abin da ya faru. Can fa? Fili ne fetal, babu bene ko bishiyar da za ta rage wa iska ƙarfi, farantin kuma kama iska yake kamar faifai. Ba sau ɗaya za ka hau ba, duk sauka duk tashi ne, wata rana a gajiye, wata rana da sauri, wata rana raɓa ta jiƙa rufin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ka kuma yi tunanin wanda zai zauna gaban akwatin yana gaya maka ya zo ko bai zo ba. Nafisa ce. Ita za ta riƙa cewa saura kaɗan, don hoto in yana kakkaryewa babu mai iya cewa ya isa, bakin mutum da kansa yake faɗa. Dish ɗin babanka yana nan inda ya ɗaure shi, ko sau ɗaya bai taɓa gocewa ba, hoton tar kamar ranar. Ina kunnawa, ba zan ce ba na kunnawa ba, kewar gida ba ta barin mutum. Amma ban taɓa kallonsa da daɗi ba. Ba na so ka bar wa 'yar mutane irin wannan kallo.

In kuma, Allah ya kiyaye, wani ya ji rauni a wurinku, kai ne ko makiyayi, mai takarda ko marar takarda, ku nufi asibiti kai tsaye. Wanda aka mayar ƙasarsu da rai yana iya kiran waya.

Jiya Hajiya Indo ta shigo ta same ni da takardun nan a cinya. Ka san ta, 'yar Damagaram ba ta ajiye magana. Da na gaya mata abin da nake rubutawa sai ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ke da kika ishe mu da kukan jikarki ba ta jin Hausa, an samo mata malami daga sama, kin ce a mayar? To ki shirya, nan gaba sai da tafinta za ku gaisa." Na ce mata na shirya. Ta ce, "Ƙarya kike, Rakiya, idonki bai shirya ba." Ta yi gaskiya. Da za ta tafi ta ce in rubuta maka tana gaishe ka, kuma in ka hau rufin nan ita da kanta za ta zo Ha'il ta sauko da kai da kunne.

Ba zan yaba maka ƙaramin fiye da yadda yake ba. Babanka yana cewa ƙaramin faranti ƙaramin kunne ne. In hadari ya haɗu ko guguwa ta taso hoto zai ɗauke, ku yi haƙuri har ya dawo. Kafin ka biya ka sa mai shagon ya gwada shi a bayan gari, ba a ƙofar shagonsa kawai ba, ka ga da idonka ya nemo tauraro da kansa. Ka tambaye shi ko yana shan batir in mota a kashe take, kada ku wayi gari a daji mota ta ƙi tashi saboda kallo. In ƙura ta taru a kansa, ka ɗaura tsumma a doguwar sanda ka goge daga ƙasa. In ya lalace ka bar shi a lalace har ku shigo gari. Tunda yana kamo sallar Harami da karatun Alƙur'ani da abin da zai ɗebe wa yarinya kewa, ya yi abin da aka saye shi dominsa.

Na san abin da nake sayarwa da wannan shawara. Hanan za ta tafi da 'yan kalmomin da ta tsinta a ɗakina, kuma na san ba za su yi nisa ba. Ko a makon nan na zaunar da ita na fara yi mata tatsuniya, ta saurara kaɗan, ta kama haɓata da hannu ta ce, "Sitti, esh tiguli?" wai kaka me kike cewa. Na sake farowa da Larabcina na kasuwa. Tatsuniya ba ta da daɗi da Larabci, waƙar cikinta ma ta ƙi shiga, sai na bar ta yadda take. Amma ta zauna har ƙarshe, ta yi dariya a inda ake dariya. In haka Allah ya rubuta mini da ita, na karɓa. Gara ta girma ba ta jin maganata da ta girma babu uban da zai kawo ta in gan ta.

Don haka na sauke maka wannan nauyi, duniya da lahira. Ba ka da wani alhakina a kan harshe, kada ka sake yin wani abu mai haɗari don ka faranta mini a kansa. Kai ma ka yafe mini gorin da na yi maka.

Allah ya tsare mini kai a zaune da a tafe, ya kai Nafisa da Hanan gare ka lafiya, ya sa ku ga alherin wurin, ya kare ku daga iska da kunama da ɓatan hanya. Allah ya sa albarka a abin da za ka ci, ya dawo mini da ku da ƙafafunku. Ka riƙe salla a kan lokaci ko babu mai kiran ta. Ka gaishe da kafilinka da abokan aikinka.

Ka ce mini cikin makon nan za ka koma shagon. Don Allah kada ka je sai ka karanta wannan har ƙarshe, in wata kalma ta shige maka duhu ka kira Nafisa ku haɗa kai. Sannan ka amsa mini da wuri, ka gaya mini wanda ka ɗaura. Ko da Larabci ne ka rubuto, zan karanta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Rakiya.